Ba a fafe gora ranar tafiya: yadda mutanen hilla za su kafa asusun ceton yara

Shekarun baya, a wani daren watan Agusta, aka buga mini ƙofa bayan isha'i. Maƙwabcina ne, a jiƙe sharkaf, ya ce ɗansa mai shekara 3 yana ta jijjiga, idanu sun kakkafe. Hillarmu, wato ƙauyenmu, a gefen kogin Rahad take, a jihar Gadarif ta ƙasar Sudan, kuma duk wanda ya san ƙasar nan ya san halin baƙar lakarmu idan ta sha ruwa: jaki ma sai ya yi shawara kafin ya sa ƙafa. Muka bi gida-gida. Ba wanda ya hana. Wata tsohuwa ta kwance bakin zanenta ta juye mana abin da ke ciki, wani ya ce a kama akuyarsa. Kafin asuba kuɗi sun haɗu har da rara. Amma mai tarakta ba shi da mai, mai man kuma a gona ya kwana. Da muka isa asibiti bayan azahar aka ce yaron jini yake buƙata, mu kuwa mu uku ne, ba wanda ya san nau'in jininsa. Kafin magariba Allah ya karɓi abinsa. Kuɗin a aljihuna na dawo da su, kuma ban taɓa ɗaukar kuɗi masu nauyin na ranar ba.

Ajali idan ya zo ba makawa, wannan mun yi imani da shi. Amma da muka zauna bayan sadakar uku, mun ga cewa ba rowa ce ta kayar da mu ba, jinkiri ne. Jinkirin gane cewa ciwon ya yi tsanani, jinkirin samun abin hawa, jinkirin samun jini. Daga nan muka kafa ɗan asusu, ni aka ɗora wa riƙon littafinsa. Abin da zan kawo a nan shi ne yadda muka bi, da wuraren da muka yi tuntuɓe, ko zai amfani 'yan'uwa a hillolin Sinnar da Jazira da Nilul Azraƙ da Kasala, da kuma waɗanda ke Makka da Jidda suna son taimakon gida amma ba su san ta ina za su kama ba.

A fara da mutane, kuɗi su biyo baya

Mutum 5 ko 6 sun isa. In sun wuce haka taro ne, ba aiki ba. Kada ku zaɓe su don girma, ku zaɓe su don abin da ke hannunsu: ungozomar hilla, domin ita ke shiga ɗakunan da maza ba sa shiga, mai tarakta ko mai boksi (motar a-kori-kura), liman, saurayi ko budurwa mai waya da ya iya karatu da rubutu, wata dattijuwa da mata ke jin maganarta, sai mai riƙe littafi. In da mataimakin likita a kusa, ku je har wurinsa ku gaishe shi ku sanar da shi, shi ne malaminku a wannan harka.

Mata biyu aƙalla, wannan ba na sassautawa a kansa. Uwa ce ke fara ganin ciwon, kuma sau da yawa maigidan yana can nesa wurin yankan riɗi ko girbin dawa, ita kuwa ba za ta fita da yaro ba sai da izini. Don haka abu na farko da muka nema daga magidanta, a gaban liman bayan sallar Juma'a, shi ne kowa ya furta cewa idan ba ya nan kuma ungozoma ta ce a tafi, to ya yarda a tafi. Wannan magana guda ta fi buhu goma na dawa amfani.

Ba sabon abu muka ƙirƙiro ba. Gayya ce, wadda maƙwabtanmu Larabawa ke kira nafir, kuma ƙasar nan ta san ta. Matasan ƙungiyar sa-kai ta Shari'ul Hawadis sun fara ne da zama a bakin asibitin yara na Ja'afar Ibn Auf a Khartoum suna haɗa wa iyaye kuɗin magani, har a 2015 suka buɗe ɗakin kulawa ta musamman ga yara a wani asibitin Omdurman, suka ba wata mai sayar da shayi almakashin yanke ƙyalle maimakon minista. Bayan yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ma, ɗakunan agajin gaggawa na unguwanni da takiyoyi, wato wuraren dafa wa jama'a abinci kyauta, su suka riƙe mutane.

A koya wa kowace uwa alamomin da ba a kwana da su

Nan ne zan daɗe, domin nan ne aikin yake. Asusu mai cike da kuɗi ba ya amfanar yaron da aka kawo a kwana na biyar.

Akwai alamomi huɗu da ma'aikatan lafiya a ko'ina suka yi ittifaƙi a kansu. Yaron da ya kasa shan ruwa ko kama nono. Yaron da ke amayar da duk abin da ya shiga cikinsa. Yaron da ya yi jijjiga, ko da sau ɗaya ne kuma ya dawo hayyacinsa. Yaron da ya yi laushi, ana tashinsa ba ya farkawa sosai. Ko ɗaya daga cikin huɗun nan aka gani, ba a jiran gari ya waye, ba a jiran dawowar kowa.

Sai numfashi. A ɗaga rigar yaro lokacin da yake kwance shiru, ba yana kuka ba, a ƙirga hawa da saukar ƙirjinsa na minti 1 cikakke da agogon waya. Jaririn da bai kai wata 2 ba, in ya kai 60 ko fiye, numfashin ya yi sauri. Daga wata 2 zuwa shekara 1, iyakar 50 ce. Daga shekara 1 zuwa 5 kuwa, 40. In kuma ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki duk lokacin da ya ja iska, ciwon huhu ne da ya yi ƙarfi. Jariri sabon haihuwa da jikinsa ya yi zafi, ko ya yi sanyi ƙalau, ko ya daina tsotso, shi ma na gaggawa ne.

A duba tafin hannu da cikin fatar ido. In sun yi fari fat, jini ya yi ƙasa, kuma zazzaɓin cizon sauro ne ya fi jawo haka a wurinmu da damina. Ga gudawa kuma, a kama fatar ciki a ɗan ja a saki. In ta daɗe ba ta koma ba, idanu sun zurma, maɗigar jariri ta faɗa, ruwan jiki ya ƙare. Tun da aka ayyana ɓarkewar kwalara a Agusta 2024, wadda ta taɓa Kasala da Gadarif sosai, mun daina ɗaukar gudawa mai kama da ruwan shinkafa da wasa ko a babba.

Tamowa tana da nata awon. Ku roƙi ma'aikatan abinci mai gina jiki su ba ku tef ɗin auna damtse mai launi uku, ba shi da tsada, uwar da ba ta yi boko ba ma tana iya aiki da shi. Ana zagaya shi a tsakiyar damtsen hagu, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, ga yaro daga wata 6 zuwa shekara 5. In ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani. Rawaya, daga 11.5 zuwa 12.5, gargaɗi ne. Kuma a danna bayan ƙafafu biyu da babban yatsa na daƙiƙa 3: in rami ya zauna a duka biyun, kumburin yunwa ne, ko da yaron ya yi kama da mai ƙiba. Na sha jin kaka tana cewa jikanta ya murmure alhali kumburi ne.

Mu mutanen Rahad da na bakin kogin Atbara muna da ƙarin abokin gaba, kalazar. Wani ɗan ƙaramin ƙuda ne ke kawo shi, mai son wuraren aduwa da ƙasa mai tsagewa. Zazzaɓin da ya wuce mako 2 bai ji maganin cizon sauro ba, yaro na ramewa, saifa ta kumbura ta tokare cikin ta hagu: a nemi gwajin kalazar da sunansa. In ba a yi magani ba kusan kullum kisa yake yi, in an yi kuwa yawanci ana warkewa. Maganin da aka fi bayarwa a gabashin ƙasar nan allurai ne iri biyu na kwana 17, don haka iyalin da za su tafi su san ba tafiyar kwana biyu ba ce. Sannan a rubuta sunayen yaran hilla masu sikila a shafi na daban, domin zazzaɓin da wani yaro zai jure, su yana iya kayar da su cikin yini guda.

Yadda muka koyar kuwa, ba da taron lacca ba. Ungozoma da dattijuwar nan ke yi a gidan suna, a bakin rijiya, a wurin adashi. Kaɗan-kaɗan, ana maimaitawa.

Akwai maganar da dole a taɓa, ko da ba daɗi. Yawancin kwanakin da ake ɓatawa, a wurin wanzami da mai magani ake ɓata su: a cire beli, a yi sakiya a kan saifa, a turara wa mai jijjiga hayaƙi. Yaron da jininsa ya riga ya yi ƙasa, a ƙara zubar masa da wani. Ba mu yi faɗa da kowa ba, don faɗa ba ya hana uwa komawa da dare. Wanzaminmu muka jawo jiki, muka nuna masa alamomin, yanzu shi da kansa yake cewa "wannan ba nawa ba ne, ku wuce da shi." Liman kuma ya sauƙaƙa mana sauran. Wata rana wata uwa ta ce masa, "Allah gafarta Malam, a bari ya sha rubutun nan na kwana uku tukuna." Ya ce mata, "'Yata, ɗauki ɗanki ki hau tarakta. Addu'a ba ta jin tsoron laka, za ta riga ku isa."

Abin hawa, da abin da ake yi a hanya

Tun watan Mayu, kafin ruwa ya sauka, a yi magana da mai tarakta a yanke kuɗin tafiya ta dare da ta rana, kowa ya ji. A sayi dizal jarka 2 a ajiye a ɗakin da ba na mai taraktan ba, kuma ba a ara wa kowa don noma, ko shehun hilla ne. Mun taɓa ba da aro sau ɗaya, da alkawarin gobe, goben ta kai mako 3. A san wanda zai maye gurbi idan taraktan ta lalace: karo da jaki, babur, ko samari 8 da za su yi karɓa-karɓa da angarib, wato gadon igiya, zuwa bakin kwalta. In akwai tsallaken kogi, mai kwale-kwale ma a sa shi cikin shiri.

A san inda za a dosa tun kafin a tashi. Ba kowane wuri mai allon asibiti ke da jini ko iskar oksijin ba, kuma yaƙi ya rufe wurare da yawa, wasu sun buɗe, wasu sun ƙaura. Mai wayar ya riƙe lambar ma'aikaci ɗaya a cibiyar lafiya mafi kusa da ɗaya a babban asibiti, ya riƙa sabunta su duk wata. Layi biyu na kamfani daban-daban ya fi, wanda ya ga katsewar sadarwa ta Fabrairu 2024 ba sai an yi masa bayani ba. In an bi ta wurin mataimakin likita, a karɓi takardar tahawil, wato ta tura mara lafiya zuwa babban asibiti, a rubuce, da abin da ya riga ya ba yaron da lokacin da ya ba shi.

Jakar tafiya tana rataye a gidan ungozoma: tocila, bargo, leda babba ta ruwan sama, ƙunshin gishiri da sukari na asibiti, ruwan da aka tafasa, cokali da kofi, da maganin zazzaɓi na yara. In ƙunshin ya ƙare, ana haɗawa a gida: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kada a ƙara gishirin da sunan ƙarfi. A riƙa ba yaro da cokali a hanya muddin yana iya haɗiya, mai shan nono a ci gaba da ba shi. Wanda ya suma ko yake jijjiga ba a ɗura masa komai, ba a cusa masa cokali ko yatsa a baki. A kwantar da shi ta gefe, a sassauta tufafinsa. Jariri kuma a manna shi a ƙirjin uwa, fata da fata, a lulluɓe su tare. Akwai maganin zazzaɓin cizon sauro na matsawa ta dubura da ake ba yaro ɗan ƙasa da shekara 6 kafin a kai shi asibiti. Ku tambayi mataimakin likita ko yana da shi. Sayen lokaci kawai yake yi, ba ya hana tafiya.

Yanzu kuma kuɗi

Fam ɗin Sudan ba ya kwana inda ya yini. Abin da ya sayi allura 10 da kaka, da bazara ba zai sayi 5 ba. Saboda haka yawancin asusunmu ba takarda ba ne, hatsi ne. Da kaka kowane gida ya kawo abin da ya sauƙaƙa, kaila ɗaya ta dawa ko riɗi ko gyaɗa, mai hali ya kawo buhu. A sayar kaɗan-kaɗan gwargwadon buƙata. Muna kuma da awaki a hannun wasu mata biyu. Tsabar kuɗi kuwa, abin da zai isa tafiya 2 da maganin kwanan farko kawai ake ajiyewa, kuma a raba: rabi a hannu, rabi a Bankak, manhajar banki ta waya. Dalili shi ne wani mai kantin magani ba ya karɓar sai tsaba, wani kuma sai turawa, ga 'yan canji da ke yankar kaso in za su ba ka takarda. Canjin takardun 500 da 1000 da aka fara a Disamba 2024 ya koya wa masu binne kuɗi a tukunya darasi. Kuma duk wanda ya turo hoton ish'ar, wato shaidar tura kuɗi, yana cewa ya saka, a buɗe asusun a gani da ido, domin akwai na jabu.

Mabuɗin rumbu a hannun mutum ɗaya, littafi a hannun wani. Ba zargi ba ne, kariya ce ga mai riƙon. Duk wata 3 ake karanta lissafi a masallaci, a kuma karanta wa mata a wurinsu: abin da ya shigo, abin da ya fita, yara nawa aka kai. Ba a ambatar sunan gidan da aka taimaka, ko da kowa ya sani.

Zakka a ware mata shafinta. Tana da mutanen da aka ambata a aya ta 60 cikin Suratut Tauba, kuma malamanmu sun ce a mallaka wa mabuƙacin ita, don haka ba ma sayen dizal ɗin ajiya da ita. Uban yaro ko uwarsa ake danƙa wa, ko a biya da izininsu. Sadaka ce ke ɗaukar sauran hidima. Ofishin Diwanuz Zakka na ƙaramar hukuma ma ƙofa ce da ake bugawa don kuɗin magani, sai dai da rahoton likita da takardar shaida daga hilla, kuma ba a daren gaggawa ba. Haka katin inshorar lafiya: wanda ya cancanta a taimaka masa ya yi tun yara na lafiya.

Ga 'yan'uwanmu na Saudiyya, ku ne ƙashin bayan asusu da yawa, Allah ya saka. Amma ku kiyaye: dokar ƙasar ta hana tara gudummawa daga jama'a ba da lasisi ba, ko a masallaci ko a waya. Kada ɗokin alheri ya jawo wa mutum asarar iƙamarsa. Kowa ya aiko da nasa daga aljihunsa zuwa ga danginsa ta halastacciyar hanya, wanda kuma ke son bayarwa ga Sudan gaba ɗaya akwai Cibiyar Sarki Salman ta agaji. Roƙona gare ku ɗaya ne: ɗan kaɗan duk wata ya fi mana amfani a kan dunƙule mai yawa ranar da aka turo muku hoton yaro a gadon asibiti. Ranar nan an riga an makara.

Wa ake taimaka wa? Duk yaron da ke kwana a hillar. Bahaushe, Bafulatani, Bamasalace, Balarabe, ɗan cirani da ya zo yankan riɗi, da waɗanda suka gudo daga Madani a Disamba 2023 ko daga Sinja a tsakiyar 2024. Wanda bai taɓa zuba ko ƙwaya ba ma ana ɗaukar ɗansa. Wasu sun yi gunaguni a kan wannan, na kuma fahimce su, amma yaron bai san an yi karo-karo ba. Da dare ba a tambayar kowa ko zai iya biya. Bayan an dawo ne ake zama: mai hali ya mayar da kaka, marar hali an yafe.

A bakin asibiti

Baƙauye a babban asibiti kamar makaho ne a kasuwa, balle uwar da Larabcinta bai nuna ba. Ku nemi ɗan hillarku da ke zaune a gari, ɗalibi ko mai sayar da agashe ko mai raksha (keke mai ƙafa uku), ya zama shi ke tarbar duk wanda aka kawo. Ya san ƙofar haɗurra, ya san ɗakin gwaji, ya san kantin da ke buɗe da dare, ya kuma yi tafinta. A riƙa saka masa kuɗin waya da na abin hawa daga asusu.

Jini shi ne abin da ya kayar da mu a karon farko, don haka muka ba shi muhimmanci. A asibitocinmu yawanci dangi ake cewa su kawo mai bayarwa. Da rani muka kwashi samari zuwa gari aka gwada nau'in jinin kowa, muka rubuta da lambobinsu. Mai bayarwa ya kai shekara 18, nauyinsa ya kai kilo 50, yana da lafiya, kuma a bar wata 3 aƙalla kafin ya sake. Duk tafiyar da ake zaton ta jini ce, samari 2 ko 3 ke hawa taraktan tare da mai jinya. Tsoron da ake yi cewa bayar da jini na rage ƙarfin namiji, sai da limaminmu ya miƙa nasa hannun a gaban yara kafin ya gushe.

Kuɗin magani a biya kai tsaye a kanti, da takardar likita a hannu, a karɓi rasit, a duba ranar lalacewar maganin. Ba don iyaye ɓarayi ba ne. Uban da ya bar yara 6 a gida ba abinci, in ka ba shi kuɗin allura 7 zai sayi 4 ya aika da sauran, kuma ni ba zan zarge shi ba. Maganin wannan shi ne a ware kuɗin cin mai jinya daban, a kuma kai wa gidan da aka bari hatsi daga rumbu. Yawancin waɗanda ke guduwa da yaro kafin a sallame su, yunwa ce ke koro su, ba taurin kai ba. Kafin a biya komai a tambaya ko kyauta ne, domin maganin tamowa da na kalazar da rigakafi a cibiyoyin da hukuma da ƙungiyoyin agaji ke tallafawa ba na sayarwa ba ne.

Ciwon da ya fi ƙarfin rumbu

Ciwon zuciya, ciwon daji, ciwon ƙoda. A nan sai an daure, domin yaro ɗaya na iya cinye abin da zai kai 20 asibiti. Ƙa'idarmu ita ce asusu ya ɗauki tafiyar farko da gwaje-gwaje har a san sunan ciwon, daga nan a buɗe neman taimako na daban da sunan wannan jinya. Kafin a sayar da saniya a tambayi likita inda ake yin aikin kyauta ko da sauƙi. Cibiyar Salam ta tiyatar zuciya da ke Soba, kudu da Khartoum, wadda ƙungiyar Emergency ta Italiya ta buɗe a 2007, ba ta karɓar kuɗi, ƙungiyar kuma tana da asibitin yara a Port Sudan. Madani ce ke da cibiyar ciwon daji ta Jami'ar Jazira. Yaƙi ya taɓa ayyukan wurare irin waɗannan, saboda haka a yi waya a tabbatar kafin a ɗora yaro marar lafiya a mota.

In za a rubuta roƙo a WhatsApp ko Facebook, a sa abin da likita ya rubuta, da adadin da ake nema, da abin da aka riga aka samu, da ranar da za a rufe. Idan ya cika a sanar cewa ya cika, don na ga roƙon da ke yawo shekara 2 bayan an binne yaron. Hoto kuwa sai da yardar iyaye, yardar gaske, ba ta wanda aka tsare da ido ba. Ba tsirara, ba fuskar uwa tana kuka. Yaron nan in Allah ya raya shi zai girma ya yi aure a hillar nan, hoton kuma yana nan. Masu bayarwa da ke cewa sai sun ga bidiyo ana gode musu, a tuna musu da aya ta 264 a Suratul Baƙara kan gori.

Bayan an dawo gida

Sallama daga asibiti ba warkewa ba ce. Ungozoma ta leƙa a kwana na 2, da na 7, sannan duk mako har wata guda: ana shan maganin har ƙarshe? Zazzaɓi ya dawo? Mai gudawa a cika masa ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14 ko da cikin ya tsaya. Mai tamowa da aka ba ƙunshin gyaɗar nan ta asibiti, a gaya wa gidan a fili cewa magani ne, na shi kaɗai. Ba a raba wa 'yan'uwa, ba a kai shi kasuwa. Hanyar da ta fi aiki ita ce a ba sauran yaran nasu abincin daga rumbu, don uwa ba za ta iya kallon uku na kuka tana ciyar da ɗaya ba. A duba gidan sauro, a duba katin rigakafi. Tun Nuwamba 2024 aka fara ba jarirai rigakafin zazzaɓin cizon sauro a Gadarif da Nilul Azraƙ, kuma ba allura ɗaya ba ce, sai an riƙa komawa.

Wani yaron kuma za a yi duk abin da ya kamata, ya rasu. Asusu ya ɗauki kuɗin dawo da gawa, kada a bar uba yana ciniki da direba da ɗansa a kafaɗa. Bashin da ke kan gidan a shafe shi a ranar, ba sai sun roƙa ba. Bayan kwana 7 mu 'yan kwamiti mukan zauna mu kaɗai, mu bi tafiyar daga farko: yaushe ciwon ya fara, yaushe aka gaya wa ungozoma, ƙarfe nawa tarakta ta tashi, me aka rasa a asibiti. Ba a kiran iyaye wurin wannan zama, ba a kuma cewa laifin wane ne. A irin zaman nan ne muka gano cewa matan ƙarshen hilla ta gabas ba sa zuwa da dare saboda karnukan wani gida da ke kan hanyar ungozoma. Muka saya wa wata mata a can ƙaramar waya, muka sa mata lambobi 3.